Na Ɓoye Hawan Jinina a Fom ɗin Inshora, Yanzu Barci Ya Gagare Ni

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 44, ina da mata da 'ya'ya huɗu, babbar ko sakandare ba ta gama ba. Wata 14 da suka wuce na yi inshorar rai, don in ta Allah ta kasance su samu abin riƙewa. A fom ɗin an tambaya ko likita ya taɓa ce mini ina da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, aka kuma tambaya ko akwai maganin da nake sha a kai a kai. Na gaya wa wakilin kamfanin cewa shekara uku ke nan kullum da safe ina shan ƙwayar hawan jini. Ya yi dariya, ya ce wa ya rabu da hawan jini a zamanin nan, in aka rubuta za su tura ni gwaji su ƙara mini kuɗi. Shi ya cika fom ɗin, ya sa "a'a" a duka biyun, ni kuma na sa hannu. Kwanan nan wani abokin aikina ya rasu, aka hana iyalinsa ko sisi a kan irin wannan. Na kira wakilin, ya ce in bar kaza cikin gashinta, da zarar an cika shekara biyu ba mai iya tayar da maganar. Saura wata goma. In yi shiru in jira, ko in je in tona wa kaina asiri? Matata ba ta san komai ba. Ƙaninka, Mai Damuwa.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya jiƙan abokin aikinka, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Ka rubuta wa kamfanin cikin makon nan ka gyara amsoshin nan biyu, kuma kada ka bi ta hannun wanda ya cika maka fom ɗin. Shawarar ke nan. Sauran abin da zan faɗa dalilai ne, da yadda za ka yi ba tare da ka ƙara wa kanka rauni ba.

Ina ganin inda lissafin ya kwance maka shi ne abin da kake zaton kana saye kowane wata. A ganinka kana da inshora, sai ɗan tabon da ba wanda ya lura da shi. A yadda take yanzu kuwa, takarda ce da kamfanin zai iya jefarwa a kwando ranar da ya buɗe fayil ɗinka na asibiti, kuma ranar kai ba ka nan. Mai inshorar mota in an samu saɓani yana tsaye da ƙafarsa, ya yi bayani, ya yi musu, ya kawo shaida. A inshorar rai, wanda ya san yadda aka yi "a'a" ta hau takarda yana kabari, wanda ya ba shi shawarar ya canza wurin aiki ko ya ce bai tuna ba, sai a bar mace mai takaba da takardar da ba ta taɓa karantawa ba.

Na yi shekaru a sashen biyan diyya na wani kamfani kafin in koma rubutu, na san yadda allura ke tono garma a irin wannan. Ba wani bincike ne mai wuya ba. A shafin ƙarshe na yawancin fom, dab da inda ake sa hannu, akwai wasu layuka da ƙananan haruffa. Ɗaya yana cewa duk amsoshin da ke sama gaskiya ne iyakar saninka. Ɗaya kuma yana ba kamfanin izinin tambayar duk likita ko asibitin da ya taɓa duba ka. In mutum ya rasu inshorarsa ba ta daɗe ba, abu na farko da ma'aikaci zai yi shi ne ya rubuta wa asibitin da ya ba da takardar shaidar mutuwa. Fayil ya zo. Ga ranar da aka fara auna jinin aka ga ya haura 140 bisa 90, ga sunan ƙwayar, ga ranakun da aka koma karɓar wata. Ma'aikacin ya ajiye wannan shafi a dama, fom a hagu. Aikin minti biyar ne.

Har yau ina tuna wata baiwar Allah da ta zo da rasit ɗin mijinta cikin jakar leda mai zif, ta jera su wata bi wata, babu wanda aka yi wa tsallake. Ta turo mini su a kan tebur kamar mai cewa ga shi, mu mun sauke namu. Na juya mata fom ɗin, na ɗora bakin biro a kan akwatin da aka yi wa alama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ai ba rubutunsa ba ne." Gaskiyarta, ba nasa ba ne. Na buɗe shafin ƙarshe. Ta gane sa hannun tun kafin in buɗe baki. Ita ce take tuna masa shan maganin kullum dare, ta san da ciwon sarai, abin da ba ta sani ba shi ne an rubuta babu shi. Na karanta mata wasiƙar kamfanin da wata busasshiyar murya da har yanzu nake jin kunyarta.

Kada ka ɗauka jiya kamfanoni suka ƙago wannan ƙa'ida ta wajabcin faɗin gaskiya don su tsere wa biya, ko da yake, tsakani da Allah, wasu sun mai da ita mafaka. Ta girmi kakannin kakanninmu. A 1766 wani babban alƙalin Ingila, Lord Mansfield, ya yanke hukunci a shari'ar Carter da Boehm. Carter gwamna ne na wani sansanin 'yan kasuwar Ingila a tsibirin Sumatra, mai suna Fort Marlborough. Ya sa aka yi masa inshora a Landan, ko da abokan gaba daga waje za su ƙwace wurin. Faransawa kuwa suka ƙwace shi a 1760. Boehm, wanda ya ɗauki nauyin inshorar, ya ƙi biya, ya ce an ɓoye masa cewa sansanin ba zai jure harin sojan Turai ba, kuma gwamnan yana tsammanin harin. A nan alƙalin ya bayyana abin da ya raba inshora da sauran cinikayya. Mai sayen kaya yana iya taɓawa, ya juya, ya gwada. Mai ba da inshora ba ya ganin abin da yake ɗauka, maganar mai nema kawai yake dogara da ita ya yanke farashi. In aka ɓoye masa wani abu, to ya yanke farashin wani haɗari ne daban da wanda aka ɗora masa.

Amma ka san wa ya ci shari'ar? Carter. Alƙalin ya ga cewa wanda ke zaune a Landan ya fi gwamnan da ke can ƙarshen duniya sanin halin da yaƙin Ingila da Faransa yake ciki, kuma ya karɓi kuɗi ya sa hannu bai yi tambaya ba, don haka ba zai dawo bayan asara ya ce an rufe shi ba. Ya ƙara da cewa nauyin faɗin gaskiya a kan ɓangarorin biyu yake. To ka auna wannan da naka. Boehm bai tambaya ba. Kai an tambaye ka, har sau biyu, da sunan ciwon ɓaro-ɓaro.

Daga baya ƙa'idar ta yi tsanani har ta wuce makaɗi da rawa. Dokar inshorar jiragen ruwa ta Ingila ta 1906, wadda ƙasashe da dama suka ara, ta ce sai mai nema ya faɗi duk abin da zai iya shafar lissafin mai ba da inshora mai hankali, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara a can ta ba kamfani gaskiya a kan wata mata da ta yi wa kayan adonta inshora, saboda ba ta faɗi cewa kotu ta taɓa samun mijinta da laifi ba, alhali ba wanda ya tambaye ta. Su kansu alƙalan sun nuna abin bai yi musu daɗi ba. Saboda irin wannan aka yi ta gyara. Jamus tun 2008 ta ce abin da kamfani ya tambaya a rubuce shi ne wajibi a amsa. Ingila ta yi doka a 2012, ta fara aiki a 2013, wadda ta sauke wa talaka mai sayen inshora nauyin hasashen abin da kamfani ke son ji, ta bar masa guda: ya yi taka-tsantsan kada ya faɗi abin da ba haka ba. Ostireliya ta bi sahu a 2021. Duk gyare-gyaren nan sun ceci wanda ba a tambaya ba ne. Babu wanda ya ceci mutumin da aka ce masa "kana da hawan jini?" ya ce "a'a".

Abin da sababbin dokokin suka kawo mai amfani gare ka shi ne bambanta mai ganganci da mai sakaci. A dokar Ingila ta 2012, in da gangan aka yi, ko an amsa ba tare da damuwa da gaskiya ce ko ƙarya ba, kamfani zai iya soke yarjejeniyar tun daga tushe, ya ƙi biya, galibi ya riƙe kuɗin da aka zuba. In sakaci ne, sai a duba me da kamfanin zai yi da ya sani. Da ba zai karɓe ka ba sam, ya soke ya mayar da kuɗinka. Da ƙarin kuɗi kawai zai yi, sai a biya gwargwado: wanda yake biyan 80 a inda ya kamata ya biya 100, magadansa su samu kashi 80 cikin 100 na abin da aka yi alkawari. Dokar inshorar Faransa ma kusan haka ta raba su, har ta tanadi abin da za a yi in an gano kuskuren kafin a yi asara: ko a ci gaba da ƙarin kuɗi, ko a raba gari.

A wane ɓangare kake? Ba zan yi maka daɗin baki ba. Abin da ke gefenka shi ne ka faɗa wa wakilin gaskiya da bakinka. Abin da ke kanka shi ne ka san abin da ya rubuta, ka san dalilin da ya rubuta shi, ka kuma sa hannu. Wannan ya fi kusa da ganganci. Sai dai niyya abu ne da ake karantawa daga halin mutum. Wanda ya kawo kansa yana da rai da lafiya, babu wata diyya da yake nema, ya ce ga kuskure ku gyara, ana saurin yarda cewa an yaudare shi ne. Wanda aka kama bayan ransa, aka kuma ga ya yi shekara biyu yana karɓar magani yana biyan kamfani bai ce uffan ba, babu mai yi masa kyakkyawan zato, kuma ba ya nan balle ya kare kansa.

Na san abin da ke ranka: ai ɗan kamfanin ne ya rubuta, su ya kamata su ɗauki laifin. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma reshe ne da ba zan so ka rataya 'ya'ya huɗu a kansa ba. A 1929 wata kotu a Ingila ta yanke cewa wakilin da ya cika wa mai nema fom, a lokacin cikawar hannun mai neman ne, kuma wanda ya sa hannu a takarda bai karanta ba kada ya kuka da kowa. Wasu ƙasashen da wasu dokokin baya-bayan nan sun sassauta, suna ɗaukar abin da aka gaya wa ma'aikacin kamfani tamkar an gaya wa kamfani. Ya danganta da ko shi ma'aikacinsu ne ko dillali mai zaman kansa, ya kuma danganta da ko akwai shaida. Maganar baka tsakanin mutum biyu, ɗaya ya rasu, wa zai tabbatar? In akwai saƙon waya da kuka taɓa yi a kan maganar, ka adana shi tun yau. Kuma ka tuna shi kamasho yake ci a kan kowace yarjejeniyar da aka ƙulla, gwaji da tambayoyi ɓata masa lokaci ne. Yanzu kuma aikinsa ne a kan siraɗi in maganar ta fito. Don haka "bar kaza cikin gashinta" da ya ce maka, tasa kazar yake nufi.

Maganar shekara biyu ba daga iska ya ɗauko ta ba, amma rabinta ya faɗa maka. A Amurka inshorar rai tana ɗauke da sharaɗin cewa in ta yi shekara biyu tana aiki mai ita yana raye, kamfani ba zai ƙara ƙalubalantar amsoshin fom ba, duk da cewa a wasu wuraren an cire zamba daga wannan rangwame. A Indiya shekara uku ne tun gyaran dokar 2015. A Jamus biyar ne, in da gangan aka yi goma. A Ingila dokar 2012 ba ta sa irin wannan wa'adi ba. Ka buɗe takardar yarjejeniyarka ka nemi sharaɗin da idonka, ka ga ko yana nan, ka ga abin da ya keɓe. Ko yana nan ma, in ka yi fashin biya har inshorar ta mutu aka farfaɗo da ita, galibi daga farko ake sake ƙirga. Sannan wata goman nan da kake cewa saura, a hannun wa suke? Kai da ka yi inshorar don ba ka san ranarka ba, yanzu kuma shirinka gaba ɗaya ya tsaya a kan cewa ka san ba za ta zo kafin wata goma ba.

Kada kuma ka ce ai sai in hawan jinin ne ya yi ajalina. A dokoki da yawa ba abin da ya kashe mutum ake tambaya ba, ana tambayar ko kamfanin zai ƙulla yarjejeniyar a kan wannan farashi da an gaya masa gaskiya. Mutum na iya rasuwa a hatsarin mota a hana iyalinsa saboda ƙwayar da bai ambata ba.

Akwai wani abin da ba na doka ba, zan taɓa shi in wuce, don na ga alamar shi ne yake hana ka barci fiye da tsoron kamfani. Diyyar da ake biya ba daga aljihun manaja take fita ba, daga tarin abin da dubban mutane irinka suka zuba ne, kowa gwargwadon haɗarinsa. In takaful ne, wato inshorar tsarin Musulunci, abin ma ya fi fitowa fili, don asusun na mahalarta ne. Wanda ya rage nasa zubin ta hanyar ɓoye ciwo, 'yan'uwansa da suka faɗi gaskiya ne suke cike masa gurbin. Ina zaton ba irin kuɗin da kake son a ciyar da marayunka da shi ba ke nan.

Abin takaicin, ciwon da aka yi duk wannan ɓoye-ɓoyen a kansa ba baƙo ba ne a wurin masu inshora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan ɗaya ke da hawan jini. Kowane kamfani yana da jadawalin da yake auna shi, kuma mai shan magani a kan ƙa'ida, jininsa yana zaune, ya fi kwantar musu da hankali a kan wanda bai taɓa aunawa ba. Da ka faɗa tun farko, mai yiwuwa ɗan ƙari ne za a yi maka a wuce wurin. Yanzu in ka rubuta, za su nemi rahoton likitanka, wataƙila su sa a auna ka, a duba fitsari da jini. Daga nan ko su bar ka yadda kake, ko su ƙara kuɗin su nemi cikon watannin baya, ko su rage adadin da za a biya, ko su soke. Na ƙarshen nan yana iya faruwa, ba zan ɓoye maka ba. In ya faru, duk fom ɗin da za ka cika nan gaba zai tambaye ka ko wani kamfani ya taɓa ƙin ka ko ya soke maka, dole ka ce e, ka yi bayani. Abin da zafi, amma za ka ji zafin kana da shekara 44, da ƙarfinka, da lokacin neman wata.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Lambar yarjejeniya, lambobin tambayoyin biyu, shekarar da aka gano ciwon, sunan maganin da yawan da kake sha, asibitin da kake zuwa. Sai layi uku a kan yadda abin ya faru: na gaya wa wakili, shi ya cika, na sa hannu ban gyara ba. Kada ka zage shi, kada ka wanke kanka tas. Kafin ka aika, ka nemi kwafin fom ɗin ka bi sauran tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, taba, nauyi, ciwon iyaye, irin aikinka, wata inshorar da kake da ita, don wanda ya yi maka "a'a" biyu ba mamaki ya yi maka biyar. Ka kai babban ofishinsu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka, ko ka tura ta imel ɗin da ke jikin takardar yarjejeniyar. Ka nemi amsarsu a rubuce. "Ba komai, mun gyara" ta waya ba ta da maraba da dariyar da wakilin ya yi maka. In kuɗin da aka yi alkawari masu yawa ne, lauya ya duba wasiƙar kafin ta tafi, in kuma suka yi maka abin da ka ga bai dace ba, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora a ƙasarka tana karɓar koke.

Kafin amsa ta zo, ka ci gaba da biya, kada ka soke da kanka. Ciwon da ya same ka bayan yarjejeniyar ta fara aiki ba ya cikin wannan lissafi a inshorar rai, sai dai a irin wadda ake sabuntawa duk shekara, kamar ta mota ko ta gida, inda kowace sabuntawa take dawo da tambayoyin. Kuma don Allah kada tsoron fayil ya sa ka daina zuwa asibiti ko ka koma sayen ƙwaya a ɓoye. Na ga waɗanda suka yi haka. Shafin farko yana nan bai goge ba, su kuma suka rasa mai duba su.

Matarka kuwa, ka gaya mata kafin ka aika wasiƙar. Ita aka yi abin dominta, ita za a kira in an yi kira. Ka nuna mata inda yarjejeniyar take, da kwafin wasiƙar mai hatimi, da amsar kamfanin in ta zo, duk a jaka ɗaya. In sun amsa, ka rubuto mini abin da suka ce, mu duba tare.